Zakarun da Aka Kai Ajiya Rawayau

Rumfata ta faci tana bakin hanyar shiga kasuwar Dutsin-Ma, daidai inda masu kaji suke sauke kwanduna. Wanda ya daɗe yana zaune a wuri irin wannan, ta taya yake sanin halin mutane. Akwai mai kawo tasa tun tana da sauran rai, akwai mai hawanta sai zare ya fito, sannan ya zo yana zagin kamfanin da ya yi ta. Alhajin da zan ba da labarinsa, cikin irin na biyun yake.

Dillalin kaji ne tun asali. Da ya ɗan samu sai ya kewaye wani fili a bayan gidansa ta hanyar Makera, ya zuba kajin gidan gona, ya je aikin Hajji ya dawo da haƙorin Makka. Tun daga ranar babu abin da bai sani ba a duniya. Ya san ranar da damina za ta sauka, ya san abin da ke damun gwamnati, ya san maganin hawan jini. In mutum ya fara magana a gabansa, zai ɗaga hannu ya ce ai wannan tsohon zance ne, ko da kuwa labarin haihuwar da aka yi da safen nan ne. Ni dai na saba sauraronsa ina goga tif da fayil, don aikina yana son haƙuri, kuma ba sai na amsa ba.

Da iyakarmu ke nan da ban rubuta komai a kansa ba. To amma ɗansa ne ya auri 'yar yayata, ya zama surukinmu.

Yayata tana zaune a wani ƙauye cikin Rawayau, a ƙasar Kurfi. Mijinta ya rasu da daɗewa, kuma tun daga lokacin kaji ne suke riƙe da ita. Sabulu, gishiri, kalanzir, maganin ciwon ƙafa, kayan sallar jikoki, duk daga akurki suke fitowa. Ban taɓa jin ta roƙi wani ko ƙwayar ashana ba. Kajin nan kuma irin na innarmu ne, durgu masu gajerun ƙafafu, wake-wake, suna tafiya kamar ana jan su a ƙasa. Innarmu ta zo da irin daga gidansu ranar da aka kawo ta, ta ba yayata ranar da aka kai ta. Ni namiji ne, ban gaji kaza ba, amma duk lokacin da na shiga gidan yayata na ga suna rarrafe a gindin rumbu, sai in ji kamar innarmu ta ɗan shiga maƙwabta ne yanzu za ta dawo.

A shekarar da murar tsuntsaye ta shigo mana, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Wata rana malaminmu ya gayyato malamin dabbobi, ya ce yau ba za a yi baƙi da wasali ba, a saurara. Mutumin bai yi mana dogon turanci ba. Ya ce ƙwayar cutar ido ba ya ganinta, tsuntsayen ruwa masu sauka a dam su kan zo da ita daga ƙasashe masu nisa, daga nan kuma mu ne muke zame mata ƙafa. Tana bin kashin kaza, tana bin gashi, tana maƙalewa a kwando da takalmi da tayar babur. Ya ce kaza tana iya ɗauke da ita tana ci tana sha lafiya lau, sai bayan kwana kaɗan ta faɗi. Saboda haka in an ga kaji suna mutuwa a gida, kada a fitar da ko ɗaya, kada a yanka, a zo a faɗa masu su bi sawun ta inda ta shigo da inda ta nufa. Wani dattijo a ajin ya tambaya ko tana kama mutum. Ya ce takan kama mai yanka da mai figa jefi-jefi, kuma abin da masana suke tsoro shi ne ta yi ta canza kama har ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum, shi ya sa ake son a tare ta tun tana cikin akurki.

Maganar taya ita ta tsaya mini. Ni da nake wuni hannuna a kan tayoyin masu kaji, ban taɓa tunanin abin da suke kwasowa ba sai ƙusa da ƙaya.

Ba a daɗe ba aka fara ganin abin mamaki a kasuwa. Kajin gidan gona manya-manya suka yi araha kamar an tsinto su. Mutanen garinmu, waɗanda in ka ce masu su wanke hannu sai su tambaye ka ko sun ce maka ba su da tsarki, suka yi layi suna saye. Kowa ya ga kajin suna gyangyaɗi, kowa ya ga ana yanka su da gaggawa a bayan rumfa kafin su zama mushe, amma kowa ya kawar da kai, don tukunya ba ta tambaya. Yaran Alhaji ne suke kawo su. In an tambaye shi sai ya ce zafi ne ya ɗan taɓa su, wani lokaci ya ce farin kashin nan ne na kowace shekara, ya riga ya fasa masu kafso ja da yalo a ruwa, ya jiƙa masu sassaƙen maɗaci da barkono. Ya ce wai murar tsuntsaye zancen ma'aikata ne masu neman abin da za su rubuta.

Akwai wata ɗabi'a da muka taso muka iske. In annoba ta faɗa wa kajin unguwa, mutum yakan zaɓi waɗanda ya fi ji da su, ya kai su ajiya gidan ɗan'uwa a wani ƙauye, sai abin ya lafa ya ɗauko. Kakanninmu sun yi, ba su san komai game da ƙwayar cuta ba, kuma ba na ganin laifinsu. Amma Alhaji yana da rediyo, yana da waya mai hoto, kuma malamin dabbobi ya je har ƙofar gidansa ya yi masa bayani, shi kuwa Alhaji ya ce masa kajinsa lafiya lau, ya hana shi shiga.

Wata safiya sai ga shi yana turo babur, tayar baya ta kwanta, an ɗaure babban kwando a bayan an rufe da buhu. Ya jingine a rumfata ya ce in yi sauri. Na ɗaga gefen buhun don in kwance igiya, sai na ga zakaru ne manya, waɗanda yake turkawa don sallah. Ɗaya daga ciki fuskarsa ta kumbura, jan tukkun kansa ya koma shuɗi-shuɗi, ya sa baki a ƙasa. Na tambaye shi ina za a kai su. Ya ce Rawayau, gidan surukarsa, ai can iska ta fi kyau.

Na ajiye sifana. Na gaya masa abin da muka ji a aji, a hankali, ban ɗaga murya ba. Na nuna masa zakaran. Na ce gidan da zai kai su babu komai a cikinsa sai kaji.

Ya yi dariya har haƙorin Makkan ya fito, ya juya wajen masu kajin da ke tsaye.

"Kun ji ɗan makaranta," in ji shi. "Jiya-jiya ya gane bambancin ba da ta, yau ya zama likita. Malam, ni na fara taɓa kaza tun kana tsere da gare-gare. Liƙe mani taya."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan tayar ba da hannuna ba."

Ya kalle ni kamar jaki ne ya yi masa sallama. Ya tura babur ɗinsa zuwa rumfar da ke gaba, aka liƙe masa, ya wuce ta gabana yana danna oda.

Na kira wayar maƙwabcin yayata aka kai mata. Na ce in ya zo kada ta karɓa, ta ce masa akurkinta ya rushe, ta ce masa duk abin da ta ga dama. Ta ce, "Auta, da wane bakin? Uban mijin 'yata ne, kuma yarinyar nan ciki gare ta a gidansa."

Wanda bai san kunyar surukai a wajenmu ba, zai ce ai kalma ɗaya ce. Yayata ba ta taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. In ya zo, a zaure yake tsayawa, ita kuma ta durƙusa a bayan katanga su gaisa, ko sunansa ba ta faɗa. Kuma ajiya a wurinmu girmamawa ce, an nuna an yarda da kai ke nan. Alhaji ya san duk wannan sarai. Yana da ƙanne a ƙauyuka, yana da abokan ciniki, amma bai kai masu ba, don su suna da bakin da za su ɗaga buhu su ce a'a. Ya zaɓi gidan da ya tabbata ba za a iya buɗe baki ba.

Washegari na rufe rumfa na hau kekena na tafi. Na iske aikin gama ya gama. Saboda karamci, ba ta ma bar baƙin zakarun a kwando ba. Ta share masu akurkinta mafi kyau, ta zuba masu tsabar gero a kasko ɗaya da nata, suna shan ruwa wuri ɗaya. Mai kumburarren fuskar ya riga ya mutu da asuba, kuma abin da ya fi damunta shi ne yadda za ta gaya wa surukinta amanarsa ta ragu. Na kwashe sauran na kai su bayan gida na kife da kwando, na zubar da ruwan, na share wurin. Ina yi ina sane da cewa na makara.

Cikin 'yan kwanaki aka fara. Kaza za ta kwana lafiya a wayi gari ta miƙe ƙafa. 'Yan tsaki suka fara tafiya, sannan iyayen. Daga gidanta abin ya tsallaka maƙwabta, don kajin ƙauye ba su san katanga ba. Mutane suka kama wuƙa, duk wadda ta fara gyangyaɗi a yanka a raba wa dangi. Ƙauyen ya cika da ƙamshin miya, yara suna murna, har wani maƙwabci yake ce mini bana sallarsu ta zo da wuri. Na roƙi yayata kada ta figa, kada ta ci. Ta ce ta ji, amma na ga gashi a bayan madafa.

Na koma Dutsin-Ma na je wajen malamin dabbobi na faɗa masa. Suka zo ƙauyen shi da abokan aikinsa da wata ma'aikaciyar lafiya, sanye da fararen kaya har kai, da takalman roba, da tankin feshi. Suka ɗebi abin da za su ɗiba a bakin kajin don a kai gwaji, suka bi gida-gida suna tambaya: yaushe aka fara, gidan wa aka fara, wace baƙuwar kaza ta shigo, wa ya kai tasa kasuwa, wa ya kai wa 'yarsa a wani gari. Duk bakin ya nuna gidan yayata. Da suka tambaye ta daga ina zakarun suka zo, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita dai baƙi ta yi. Ko a nan ɗin ba ta iya kama sunansa ba. Ni na faɗa.

Abin da Alhaji ya yi da suka je masa, shi ne abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci a bakina. Ya sa an wanke ɗakin kajin tas, an yayyafa ruwa, ya fito da carbi a hannu. Ya rantse zakarunsa lafiyayyu ya kai Rawayau, kajin ƙauye marasa tsabta ne suka shafa masu. Ya ce shi ne ma aka cuta. Har ya aika wa yayata saƙo ta bakin wata tsohuwa, wai bai ji daɗi ba, ya ba da amana an yi sakaci da ita. Yayata ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba saboda wannan saƙon. Ma'aikatan ba su yi gardama da shi ba. Sun zagaya bayan katangarsa ne kawai, inda karnukan unguwa suka riga suka tone ramin da ya binne kajin da suka fara mutuwa. Da aka nuna masa, sai ya ce ai wannan tun na bara ne. Warin kuwa ya kori har masu kallo.

Da sakamakon gwaji ya dawo, aka ce duk kazar da ta rage a gidajen da abin ya shiga sai an kashe ta an binne, a yi feshi, a bar wurin ba kiwo har wani lokaci. Na tafi Rawayau tun kafin su iso, don kada abin ya same ta ita kaɗai.

Na iske ta a madafa, ta ja ƙyaure. A kusurwa, bayan tulu, akwai tsohuwar ƙwarya da tsumma, da durgu guda ɗaya wake-wake tana kwanci a kan ƙwai. Ita kaɗai ta rage daga irin innarmu. Idonta garau, tukkunta ja, da na miƙa hannu ta sare ni da ƙarfinta. Yayata ta ce tun da ta fara kwanci ba ta cika fita tsakar gida ba. Ta ce matan maƙwabta sun ba ta shawara, kuma ta ga shawarar ta yi: in sa kazar da ƙwan a kwali, in ɗaure a kekena, in bi ta hanyar gona in kai wa 'yar kawunmu a Shema ajiya, sai abin ya lafa. Ba wanda zai sani. Ta ce ba ta taɓa roƙona komai ba.

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Na tsuguna ina kallon kazar nan, kuma ni ma ina son in ɗauka. Na tambaye ta ko kazar tana saukowa shan ruwa. Ta ce takan sauko. Na tambaya a wane kasko. Ta nuna mini kaskon da sauran kajin suka sha a ciki.

Na ce, "Yaya, in kin ce in kai, ke ce babba. Amma 'yar kawu ita ma ba za ta iya ce maki a'a ba."

Muna jin ƙarar motar ma'aikatan ta tsaya a bakin masallaci, muna jin mata suna kiran yara su shigo gida. Can ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Wato ni ma in zama irinsa ke nan."

Ta tashi ta ɗaura zane da kyau, ta sa hannu biyu ta ɗauki ƙwaryar da kazar da ƙwan gaba ɗaya, ta fita da ita har ƙofar gida. Malamin dabbobi ya miƙa hannu da safar roba ya karɓa, ya ce mata sannu, Inna, Allah ya mayar da alheri. Ba ta tsaya ganin sauran ba. Ta koma ta ɗauki tsintsiya tana sharar tsakar gidan da babu abin sharewa.

Ma'aikaciyar lafiyar ta riƙa zuwa tana duba duk waɗanda suka yanka ko suka figa, tana tambayar zazzaɓi da tari. Allah ya rufa asiri, ba wanda ya kwanta. Cutar kuma ba ta kai Shema ba ta hanyarmu.

Da 'yar yayata ta haihu, na je suna gidan Alhaji don ba yadda zan yi. Na iske shi a kan darduma an kewaye shi, yana ba mutane ilimi a kan murar tsuntsaye. Yana gaya masu ƙwayar tana bin takalmi, tana bin kwando, har tayar babur tana bi. Ya ce matsalar mutanenmu jahilci, sai ka ga mutum ya kwashi kaji marasa lafiya ya kai wani ƙauye. Ya ce shi tun farko ya hango abin. Mutanen da suka sayi kajinsa masu gyangyaɗi suna gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne, Alhaji. Da ya gan ni sai ya ce, yawwa, ga ɗan makaranta nan, ku tambaye shi in ƙarya nake. Na ce masa Allah ya raya, na karɓi goro na fito.

Bayan sunan ya aika wa yayata da kaza ɗaya, wai ta jaje, fara mai dogayen ƙafafu. Ba ta iya mayarwa ba, don kunyar tana nan inda take. Ta sa aka ɗaure ta a zaure ita kaɗai har ta tabbata lafiyarta lau, sannan ta ba almajiran makarantar allon ƙauyen sadaka. Da lokacin da aka ɗibar masu ya cika, ni na sayo mata wasu a kasuwar Kurfi ta sake farawa. Suna yin ƙwai, suna saya mata sabulu. Yanzu duk baƙuwar kazar da ta shigo gidan, ko ta wa ce, sai ta yi zamanta a kife a bayan gida kafin ta ga kasko, kuma in an ce ajiya ce, yayata takan aiko a ce ƙanenta ya hana. Na yarda a riƙa jingina mini.

Durgu wake-wake kuwa ban sake ganin irinta ba. Duk kwandon da aka sauke a gaban rumfata sai na leƙa. Akan samu mai gajerun ƙafafu, akan samu wake-wake, amma ba su haɗuwa a jiki ɗaya yadda na innarmu suke.

Alhaji ya dawo kawo mini faci, don na rumfar gaba liƙinsa ba ya riƙewa. Ina karɓa in yi masa da kyau, yana tsaye a kaina yana koya mini yadda ake goga tif. In ya tafi sai in ɗauko buta da sabulun da na ajiye a ƙarƙashin benci, in wanke hannuna har gwiwa, ko da ranar babu kwando a bayan babur ɗin.